Yarona ya haura shekara 2 bakinsa bai buɗe ba: makaranta zan kai shi ko asibiti?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, ina sana'ar ɗinki a gida. Yarona na fari yanzu shekararsa 2 da wata 5, amma har yau bakinsa bai buɗe ba. Kalmomin da yake faɗa ba su wuce bakwai ba, su Mama, Baba, ruwa, a'a. In yana son abu sai ya ja hannuna ya kai ni wurin, in ban gane ba ya faɗi ƙasa ya yi ta birgima. 'Yar maƙwabciyata da ya girme ta da wata 3 har aikenta ake yi a cikin gida. Kunnensa ya taɓa zubar da ruwa sau biyu, muka sayo magani a kemis muka ɗiga masa, ya daina. Saboda ɗinki yana min yawa, nakan ba shi waya ya kalli katun tun hantsi, wani lokaci har la'asar. Gida ɗaya muke da mahaifiyar maigidana, kuma da yake ɗan fari ne ina jin nauyin kiran sunansa ko wasa da shi a gabanta. Hajiya ta ce in ƙyale shi, babansa ma sai da ya shekara 4 ya yi magana. Maigida kuma ya ce a sa shi nazare inda ake Turanci zalla, ni ma in daina yi masa Hausa, wai Hausar gida da Turancin katun ne suka haɗu suka rikita shi. Na rasa maganar wa zan bi, har barci ya fara gagarata. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa:

Wa'alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah Ya raya mana shi, Ya buɗe bakinsa da alheri. Damuwarki tana kan hanya, kuma gara da kika tambaya yanzu ba ki jira sai ya shekara 4 ba.

Asibiti za ki fara kai shi, maganar makaranta ta dakata tukuna. Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne kunnen nan da ya zubar da ruwa har sau biyu. Da kunne yaro ke koyon magana. Idan ruwa ya taru a bayan dodon kunne, ko dodon ya huje, yaro zai ji ƙarar babur, ya ji an buga ƙofa, ya ji an daka masa tsawa, amma maganar mutane ta riƙa zuwar masa kamar wanda aka toshe wa kunne da auduga. Shi ya sa iyaye kan rantse ɗansu yana ji, don in an ƙwala masa kira yana waiwayowa, alhali rabin maganar ce take isa gare shi. Tsayawar ruwan kuma ba ta nuna kunnen ya warke. Tunda a Zariya kike, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen yara da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. A Kaduna kuma ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aikinta ke nan. Ki faɗa wa likita ƙarara cewa kina so a auna jin yaron. Awon ba ya ciwo, akwai na'urar da ko jariri sabon haihuwa ana iya gwada shi da ita. Kafin nan kada a sake ɗiga masa komai a kunne, ko na kemis ko man zaitun, sai likita ya leƙa.

Ki tafi da labarinsa a shirye, domin za a tambaye ki. Ya yi kuka nan take da aka haife shi? Ya yi ciwon shawara a makon farko, idanunsa da jikinsa suka yi rawaya? Ya taɓa yin ƙyanda, ko sanƙarau, ko zazzaɓi mai zafi har da jijjiga? Akwai mai matsalar ji a danginki ko na babansa? Kowanne cikin waɗannan yana iya taɓa ji ko magana.

Ga ma'aunin da likitocin yara ke dubawa. Yaro ɗan shekara 1 yana gwaranci, yana nuna abu da yatsa. A shekara 2 yawancin yara sun fara haɗa kalma biyu, irin su "Mama ruwa" ko "ba ni". A shekara 2 da rabi kalmominsu sun kai kamar 50. A shekara 3 baƙo ma yana gane mafi yawan abin da suke faɗa. Yara ba sa tafiya daidai, gaskiya ne, wani ya riga wani. Amma kalma bakwai a shekara 2 da wata 5 ya isa dalilin a duba shi. Maganar Hajiya ma da ƙanshin gaskiya a cikinta: jinkirin magana yakan bi jini, kuma yara da yawa sukan cim ma sa'o'insu daga baya. Sai dai kasancewar babansa ya yi jinkiri ƙarin dalili ne na sa ido a kan ɗan. In aka duba aka ga lafiya lau, kuɗin mota kawai kika rasa. In kuwa akwai wani abu aka zauna jira, an ɓata shekarun da gyara ya fi sauƙi.

Cikin makon nan ki lura da shi a natse. In kin kira shi daga baya da murya ta yau da kullum, yana juyowa? In ya ga jirgi ko akuya yana nuna miki don ke ma ki gani? Yana kallon idonki in kuna tare? In kin ce "ɗauko takalminka" ba tare da kin nuna ba, yana ɗaukowa? Yana kwaikwayo, ya ɗauki ludayi yana juya tuwon ƙarya, ko ya kara takalmi a kunne wai waya? Akwai kalmar da ya iya a da yanzu ya daina faɗa? Yaron da ke gane magana, yana nuni, yana kwaikwayo, yawanci bakin ne kawai ya yi nauyi. In kuwa waɗannan ma babu, ki faɗa wa likita dalla-dalla, don akwai larurar da ake kira otizim, wadda ke taɓa yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, kuma yaran da aka gano da wuri aka fara taimaka musu sun fi samun ci gaba. Hukuncin na likita ne bayan ya ga yaro. Abin da ban so shi ne wani ya ce miki aljanu ne ko baki, a ɗauke ki daga hanyar asibiti. Ki yi masa addu'a safe da yamma, ki kuma kai shi a duba.

Yanzu wayar. Tun hantsi har la'asar ya yi yawa ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, in an rage ma ya fi. Mutane da yawa suna ɗauka tunda katun magana ake yi a ciki, ai yaro zai kwashe. A 2003 wata malama mai suna Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington da ke Amurka sun fitar da sakamakon wani gwaji a kan haka. Sun samu jarirai 'yan wata 9 da ba su taɓa jin Sinanci ba, aka riƙa kawo masu harshen suna zama da su, suna musu wasa da karatu, har zama 12. Wasu jariran kuma aka nuna musu waɗannan mutanen a talabijin suna magana iri ɗaya. Da aka auna, waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun iya bambance sautukan Sinanci. Masu kallon talabijin ba su ƙaru da komai ba, daidai suke da waɗanda ba su ji harshen ba sam. Ɗanki ya girmi waɗancan jarirai, zai iya tsintar kalma ɗaya ko biyu a katun, amma dalilin bai canza ba. Yaro yana koyon magana ne in ya yi sauti aka amsa masa, ya nuna abu aka faɗa masa sunansa, ya kalli bakin mai magana. Waya ba ta jiran ya amsa, ba ta san ya yi murmushi ba, ba ta san ruwa yake nema ba. Duk awar da ya yi a gabanta, awa ce da ba wanda ya yi hira da shi.

In kin janye wayar zai yi kuka da birgima na 'yan kwanaki. Ki daure, kada ki doke shi, kada kuma kukan ya sa ki mayar masa. Ki ɓoye ta inda ba ya gani. Lokacin cin abinci da gab da barci babu kallo. Ɗan abin da zai kalla, ki zauna kusa da shi kina faɗa masa abin da ke faruwa. Kiran bidiyo da kawunsa ko gwaggonsa daban ne, don a nan mutum ne ke amsa masa.

Na san abin da ke ranki: to ɗinkin fa? Kayan mutane ne, ga alƙawari, ga Sallah in ta matso ba a ko numfashi. Ba na ce ki ajiye sana'arki ba. Ki shimfiɗa masa tabarma a gefen keken, inda zai riƙa ganin fuskarki. Ki cika masa kwando da ƙyallayen da kike zubarwa, da robobin zare da suka ƙare, da murfin tukunya, da ludayi, da kwali. Allura, almakashi, reza da maɓallai su koma sama inda hannunsa ba ya kai. Ƙafarki na kan keke, bakinki na tare da shi. "Ba ni jan ƙyalle." Ya miƙo kore. "Kore ka kawo, yauwa, kore. Ga ja can." Kin gama hannun riga, ki ɗaga masa: "Riga. Rigar wa? Rigar Baba?" In ya zo ya ja hannunki zuwa randa, kada ki ɗebo ruwan ki miƙa masa shiru, kada kuma ki hana shi sai ya faɗa. Ki durƙusa daidai tsawonsa, ki ce "Ruwa? Ruwa kake so?" sannan ki yi shiru, ki ƙirga biyar a zuciyarki. Wannan ɗan shirun shi ne wurin da yake gwada bakinsa, kuma shi ne abin da iyaye masu sauri suka fi tsallakewa. Ko "uwa" ya ce maimakon ruwa, ki karɓa da fara'a, ki maimaita daidai, ki ƙara masa kalma ɗaya: "Ruwan sanyi." Ya ce "mota", ki ce "mota ta tafi". Ki riƙa ba shi zaɓi, ayaba a hannu ɗaya lemo a ɗaya, "wanne?" Wanka, sa kaya, tankaɗe, wanke-wanke, duk ki riƙa faɗin abin da kike yi da gajerun jimloli. Abin da za ki guje wa shi ne titsiye shi a gaban baƙi ana "ce kaza, ce kaza", da yi wa lafazinsa dariya, da ambaton 'yar maƙwabciya a kan kunnensa. Yana gane fiye da abin da yake iya faɗa.

Kada ki raina wannan don babu kuɗi a cikinsa. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, daga 1986, an yi wani aiki da yara 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. Ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bibiyi yaran, aka tarar abin da suke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a kai wa ziyarar ba da kimanin kashi 25 cikin 100.

Sai maganar nauyin da kike ji a gaban Hajiya, wadda a ganina ita ce zuciyar al'amarin. Alkunyar ɗan fari tarbiyya ce da muka gada, ba zan zage ta ba. Amma ki duba gidan da aka yi ta dominsa. A da, in uwa ta kawar da kai daga ɗan farinta, akwai hannuwa goma da za su ɗauke shi. Kaka tana kiransa mijinta tana tsokanarsa, gwaggo ta goya shi zuwa unguwa, 'yan mata na masa waƙa a tsakar gida, yara sa'o'insa na tuwon ƙasa a zaure. Uwar ta yi shiru, yaron bai rasa abokin hira ba. Yau gidan ya ragu, waɗanda suka rage kowa idonsa na kan tasa wayar, ke kuma kunya ta rufe miki baki. Gurbin da aka bari shi ne katun ya cike. Don haka dole ɗayan biyu, ko ma duka biyun: ki sassauta, kuma kaka ta karɓi matsayinta. In sunan ne ba za ki iya kira ba, ki sa masa laƙabi ki riƙa kiransa da shi kullum, don yaro yana bukatar sunan da zai ji ya san da shi ake. A ɗakinki kuma, ku biyu, babu wanda za ki ji wa nauyi. Ki rungume shi, ki yi masa cakulkuli, ki yi masa waƙa. Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban mutane, Aƙra'u ɗan Habis ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ya kasance kuma yana tsayawa ya tambayi ƙaramin ƙanin Anas labarin ɗan tsuntsunsa. In mafi girman halitta ya tsaya hira da yaro, to hira da ɗanki ba rashin kunya ba ce.

Hajiya kuwa kada ki ja da ita a kan ko babansa ya yi jinkiri ko bai yi ba. Ki je mata ta ƙofar da take so. "Hajiya, ga mijinki nan, ke yake ji wa magana. Don Allah a riƙa ɗan yi masa tatsuniya bayan magariba." Da wuya kaka ta ƙi wannan. Tatsuniya kuwa makaranta ce cikakkiya ga mai shekarunsa, domin tun daga "ga ta nan ga ta nanku" ana jiran ya amsa, ga waƙa a tsakiya da ake maimaitawa, ga Gizo da Ƙoƙi da zai riƙa jin sunansu dare bayan dare har su zauna masa. Kada ta damu in ya nemi a maimaita guda ɗaya kullum. Maimaicin ne ke koya masa.

Batun daina Hausa, a nan ban goyi bayan maigida ba ko kaɗan, duk da na san alheri yake nufi. Harshe biyu ba ya hana yaro magana. Ki leƙa Sabon Gari nan kusa da ku, yara na tashi da Hausa da Yarbanci ko Ibo da Turanci a baki ɗaya. 'Ya'yan Fulani na tashi da Fulatanci da Hausa, na Maiduguri da Barbarci da Hausa. Yaron da ke da jinkiri, ko harshe ɗaya ake masa zai yi jinkirin. Abin da yake bukata shi ne magana mai yawa mai daɗi, kuma harshen da kike da wadatarsa shi ne Hausa. Da ita kike lallashi, da ita kike barkwanci, da ita Hajiya za ta yi tatsuniya. In aka ce sai Turanci, hirarku za ta ƙanƙance ta koma umarni, zo, zauna, bari, kuma an cire kaka daga lissafi gaba ɗaya. A nan Najeriya ma an gwada. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Jami'ar Ife inda aka koyar da yara duk darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara 6, Turanci yana matsayin darasi guda. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, kuma sun yi fice a sauran darussa. Yaron da ya riƙe harshen gida da kyau, na biyu yakan zo masa da sauƙi.

Nazare ba laifi ba ce, amma ba magani ba ce, musamman ga yaron da ba a san ko yana ji sosai ba. A tsarin ilimin ƙasar nan firamare daga shekara 6 take farawa, da shekara guda ta share fage kafin ta, don haka ba ku makara ba. In lokacin sa shi ya yi, kada fentin bango da tsadar yunifom su ruɗe ku. Ki shiga ajin da kanki. Yara nawa ke hannun malama ɗaya? Tana durƙusawa ta yi magana da su ko daga allo take ihu? Akwai filin gudu da yashi? Ana dukansu? Makarantar da ke danƙa wa ɗan shekara 2 fensir ta ce ya cika shafi, har da aikin gida, ba ta san yara ba. Yanzu dai 'yar maƙwabciyar nan ta fi masa amfani a matsayin abokiyar wasa. Ki riƙa gayyato ta su yi wasa a tabarmar nan kina jin su.

Abinci kuma a taƙaice: ƙwaƙwalwar yaro takan kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta kafin ya shiga firamare, kuma ƙarancin jini yana dakushe ta. Ƙwai, hanta, kifi, wake, zogale, kunun gyaɗa, gwanda, gwargwadon hali. Shayi tare da abinci yana rage shigar sinadarin ƙarfe, wanda jini ke bukata, a jiki, a rage masa. Kada a manta da gishiri mai aidin, bitamin A da ake ɗiga wa yara sau biyu a shekara har su kai 5, maganin tsutsar ciki, gidan sauro, da barcin awa 11 zuwa 14 a kwana har da na rana. In kina sa masa kwalli ki dakata, don an gwada wasu nau'o'insa an samu dalma a ciki, kuma abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai bar zukatanmu ba.

Maigida ya nuna ya damu, har yana shirin kashe kuɗi, wannan abin godiya ne. Ki zaɓi lokacin da ya natsu ki roƙe shi abu biyu. Na farko ya raka ku asibiti, ya ji bayani daga bakin likita da kunnensa. Na biyu ya ba yaron ko da minti 15 kullum, wayarsa a aljihu, ya riƙe hannunsa su fita ƙofar gida yana nuna masa akuya, mai shayi, babur, masallaci. In yana son ya yi masa Turanci a wannan lokacin, bismillah, ke ki ci gaba da Hausarki.

Ke kuma kada ki ɗora wa kanki laifi. Kin ba shi wayar ne don ki nemi halal, kuma ba a tabbatar ita kaɗai ce sanadi ba. In rashin barcin da ƙuncin suka zarce makonni, ki faɗa wa likitan ke ma, don uwar da ta gaji da damuwa hira takan yi mata wuya.

Ki samu ƙaramin littafi, ki rubuta kalmomin nan bakwai da kwanan watan yau. Duk sabuwar da ya faɗa, ko a karkace, ki ƙara. Bayan wata 3 ki koma wa likita da littafin. In kalmomin ba su ƙaru sosai ba, ko bai fara haɗa biyu ba, ki nemi a tura ku wurin ƙwararrun da ke koya wa yara magana. In kuwa kika ga ya daina faɗin abin da ya iya, ko kunnen ya sake zubar da ruwa, kada ki jira wata 3 ɗin, ki koma a makon. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa ki ji daɗinsa.